Akwatin Adana Wayoyin Caja da na Kwamfuta: Abin da Yake Iyawa da Abin da Ya Fi Ƙarfinsa

Akwatin da zan yi bayani a kansa na roba ne garai-garai, wanda ake hango abin da ke cikinsa ba sai an buɗe ba, an kuma raba cikinsa ɗaki-ɗaki da wasu 'yan alluna da ake iya zarewa a sauya musu wuri. Na saye shi a wajen masu kayan waya a kasuwar Farm Centre, na kuma ga irinsa a wajen masu robobi a Ƙofar Wambai, sai dai na can bai zo da ƙarin kayan da nawa ya zo da su ba, wato ƙunshin maɗaurai masu mannewa irin na takalmin yara, waɗanda ake kira Velcro, da fallen takardun liƙawa na rubuta suna. Babu sunan kamfani a jikinsa, in ban da rubutun da ke nuna cewa daga Sin aka kawo shi, kuma kuɗinsa bai kai na cajar laftof guda ɗaya mai kyau ba. A ganina ya cancanci kuɗinsa, amma ga wanda ya yarda zai zauna ya tantance wayoyinsa kafin ya zuba su ciki. Wanda kuwa zai kwashe tarkacen da ke cikin bakko ya juye a akwati yadda suke, to mazauni kawai ya sauya wa matsalarsa.

Ya kamata a fara yi wa masu tara wayoyi adalci, domin ina cikinsu, kuma ban ɗauki abin a matsayin rashin tunani ba. Mutumin da ya yi shekara ashirin yana riƙe da wayar hannu da kwamfuta a garin nan bai tara waɗannan igiyoyi don sha'awa ba, kamfanoni ne suka yi ta sauya bakin caja, kowane sauyi kuma ya bar masa gado. An yi zamanin Nokia mai babban baki, aka koma mai siririn baki, aka zo kan mini-USB na kyamarori da ƙananan na'urorin jin karatu da waƙa. A 2007 aka fitar da micro-USB, wanda ya mamaye kusan duk wayoyin Android na tsawon shekaru, a 2014 kuma aka fitar da USB-C mai shiga ta kowace fuska. Kamfanin Apple shi ma ya bar faffaɗan bakinsa na da ya koma Lightning a 2012, sannan ya koma USB-C a 2023 da iPhone 15, bayan Tarayyar Turai ta kafa dokar da ta wajabta wannan baki a kan wayoyin da ake sayarwa a ƙasashenta daga ƙarshen Disamban 2024. Duk gidan da ke da mutum biyar ko shida masu waya ya bi ta kowane ɗaya daga cikin waɗannan matakai, kuma babu matakin da ya wuce bai bar igiya biyu ko uku a durowa ba.

Akwai kuma dalilin da ya keɓanta da mu. Na'urar da aka yi wa ritaya a Turai ko Amurka a nan take fara sabuwar rayuwa, shi ya sa wayar da wasu ke ganin ta zama tarihi take da aiki a Kano har gobe. Kebul ɗin VGA mai shuɗin kai da allurai 15, wanda IBM ya fito da shi tun 1987, shi ne har yanzu ke haɗa majigi da kwamfuta a makarantu da ofisoshi da dama, kuma shi ne ke bayan allon kwamfutar shagunan buga takardu masu yawa. Kebul ɗin firinta mai kai murabba'i bai sauya ba, sabuwar firinta ma da shi take aiki, kuma sau da yawa ba a sako shi a kwalinta. Wayar nan mai kai uku, ja da fari da rawaya, ita ce ke haɗa dikoda da tsohuwar talabijin a ɗakin tsofaffi. Ga kuma halin wutar lantarkinmu: idan aka kawo ta da ƙarfi da tsakar dare, ko janareta ya yi tashin hauka, adafta ce ke fara tafiya, kuma wanda ya ajiye ta biyu shi ne zai ƙarasa aikinsa kafin gari ya waye. Saboda haka maganar nan ta "ajiye, wata rana za ta yi amfani" tana da tushe.

Abin da ke ɓata wannan dabara shi ne ranar da amfanin ya zo ba a samun abin da aka ajiye. Wayoyin suna cikin jaka a saman sif ko ƙarƙashin gado, sun sarƙe da juna kamar taliyar da ta kwana a tukunya, ƙurar hunturu ta shiga bakunansu, ɓera ya ɗanɗana wasu. Mutum zai ja ɗaya goma su biyo ta, ya gaji, ya aiki yaro bakin titi ya sayo sabuwa, ita ma bayan wata biyu ta shiga jakar. Wannan ciwon ne akwatin ya zo magancewa, kuma a nan ya yi ƙoƙari ƙwarai.

Robarsa tana da kauri daidai gwargwado, ba irin mai ƙarar nan da ke tsagewa idan ta faɗi ba. A ƙasansa akwai alamar kusurwa uku da lamba 5 a ciki da haruffan PP, wanda ke nuna nau'in robar da ake yin mazuban abinci da ita, mai jure zafi da lanƙwasa. Murfin yana da maƙalai biyu a gaba, kuma idan aka danna su sai an ji ƙas kafin su kama. Ba shi da zoben roba a bakinsa, don haka ba zai hana ruwa shiga ba idan ɗaki ya yi yoyo da damina, amma ƙura kam ya tare ta. Nawa ya wuce hunturu guda a kan kanta, na share samansa da tsumma ya yi ja, cikinsa kuwa fes. Ɓera ma bai samu hanya ba. Abin da na fi jin daɗinsa shi ne hangen ciki daga waje, domin yaro ma idan aka ce ya ɗauko wayar firinta zai gan ta kafin ya taɓa murfin, ba sai ya birkice sauran ba. Bayan murfin yana da ɗan gurbi da ƙasan wani akwatin ke zama a ciki, saboda haka ana iya ɗora biyu ko uku ba su zame ba.

Maɗauran su ne suka fi komai daraja a cikin kayan, ko da yake su ne mai saye ba ya kallo. Yawancinmu da robar ɗaure kuɗi muke ɗaure waya, ita kuwa ba ta jure zafin Kano, inda a watan Afrilu ma'auni kan haura digiri 40. Tana narkewa ta manne a jikin wayar, ko ta bushe ta tsinke. Salatif yana barin danƙo mai kama ƙura. Maɗaurin roba mai haƙora, wanda idan an ja shi ba ya komawa, yana da kyau ga wayar da aka kafe a bango, amma ga wadda za a kwance gobe sai an sa almakashi, kuma a nan ne ake yanke rigar wayar ba da niyya ba. Waɗannan masu mannewa suna da 'yar kafa a kai da ake zura wutsiyar ta ciki, sai maɗaurin ya zauna a jikin kebul ɗin ko an kwance shi, ba ya ɓata. Aibinsu biyu ne. Ɓangaren mai ƙaiƙayi yana tsinko zaren wayoyin caja masu rigar saƙa, don haka sai a kula a juya ɓangaren mai laushi ciki. Sannan ba su da yawa; sun ƙare mini tun ban kai rabin aikin ba, sai da na nemi ƙari daban.

A nan zan ɗan tsaya kan naɗi, domin maɗauri mai kyau ba ya gyara mugun naɗi. Al'adar naɗe waya tamau a jikin adafta ita ce ke kashe yawancin cajojin laftof, saboda siraran zaren jan ƙarfen da ke ciki suna karyewa a daidai wuya, inda wayar ta fito daga bulon. A naɗe ta zobe mai faɗi, kamar faɗin tafin hannu ko fiye, a bar wuyan a miƙe, sannan a ɗaure. Kebul ɗin HDMI, mai kai hoto da sauti zuwa talabijin, da na intanet sun fi kowanne ƙin lanƙwasa mai tsanani, domin a cikinsu wayoyin a murɗe suke biyu-biyu bisa wani tsari, kuma idan aka karya tsarin sai hoto ya riƙa ɗaukewa ko intanet ya yi ta yankewa ba a san dalili ba.

Ta wajen gazawa, babbar matsalar akwatin ita ce girman ɗakunansa. An auna su ne da igiyar cajar wayar hannu, wadda ke naɗewa ta zauna lafiya. Filoginmu mai ƙafa uku ba ya shiga ɗaki ɗaya sai murfi ya ƙi rufuwa, bulon cajar laftof kuwa sai an zare alluna biyu, haka ma VGA da manyan kawunansa da kumburin nan da ke kusa da kowane kai. Idan aka zare alluna da yawa, sauran sukan rasa abin jingina su riƙa karkacewa. A nan dole in yaba wa mai shagon, domin tun kafin in biya, da na gaya masa abin da zan zuba, ya ce mini: "Alhaji, wannan na wayar hannu aka yi shi. In na kwamfuta ne da yawa, ka haɗa da babbar roba mai murfi, kar ka zo ka ce ban gaya maka ba." Maganarsa ta tabbata, kuma tsarin da na zauna a kai ke nan: ƙananan wayoyi a akwatin, manyan adaftoci da wayoyin wuta a roba daban, kowace a cikin ledarta.

Allunan kuma ba sa kaiwa har murfi, akwai 'yar tazara, saboda haka ƙananan abubuwa irin su mahaɗin OTG, wanda ke haɗa filash da wayar hannu, da abin karanta memori da tsinken cire layi suna tsallakawa maƙwabta da zarar an karkata akwatin. Maganinsu sai 'yar leda mai zif. Mahaɗin murfi da jiki roba ce kawai da aka sirantar, ba ƙarfe ba, kuma ta riga ta fara yin fari a inda take lanƙwasawa, alamar cewa daga nan mutuwarsa za ta fara. Takardun liƙawar su ne mafi rauni a cikin kayan duka: fuskarsu tana da santsi, biro ba ya kama ta, kuma da zafi ya tsananta sai gefunansu suka ɗago suka zube. Na maye gurbinsu da salatif ɗin takarda irin na masu fenti, ina naɗa guntu a wuyan waya in haɗe bakinsa biyu ya zama 'yar tuta, in rubuta da alƙalamin maka.

Abin da za a rubuta a kan tutar shi ne ainihin aikin, kuma shi ne abin da babu akwatin da zai yi wa mutum. Wayoyi biyu na iya yin kama da juna ta kowace fuska alhali aikinsu ya bambanta. Micro-USB da yawa, musamman waɗanda ke zuwa da fitila ko fawa-banki ko ƙaramar rediyo, zare biyu ne kawai a cikinsu, na wuta, babu na ɗaukar bayanai. Za su yi caji, amma kwamfuta ba za ta ga wayar ba, mutum ya yi ta zargin wayarsa. USB-C ya fi haka rikitarwa. Baki ɗaya ne, amma wani kebul ɗin gudun USB 2.0 kawai yake da shi, wato megabit 480 a daƙiƙa, wani kuwa yana ɗaukar gigabit 5 ko 10 ko fiye har da hoton allo. Ta wajen wuta ma, kebul na yau da kullum ampiya 3 yake ɗauka, abin da ya kama wat 60, wanda zai wuce haka zuwa wat 100 ko 240 sai yana da wani ɗan guntun lantarki a cikin kansa da ke shaida wa caja ƙarfinsa. Ido ba ya ganin wannan bambanci. Hanya mafi sauƙi ita ce a zauna da waya da kwamfuta a gwada kowanne, a rubuta "caji kawai" ko "caji da fayil" ko "na laftof", wanda kuma sai an murɗa wuyansa yake kamawa a fitar da shi nan take.

Adaftoci masu zagayen baki sun fi haɗari, domin kuskure a kansu ƙona na'ura yake yi. Bakin adaftar dikoda ko na na'urar intanet mai bolt 12 yakan shiga ramin wata na'urar mai bolt 5 ko 9 ba tare da gardama ba. A laftof, HP da Dell yawanci bolt 19.5 ne, Lenovo 20, Acer da Asus da Toshiba 19, kuma bakunansu sun sha bamban: akwai mai shuɗin baki na HP, akwai mai rawaya mai kusurwa huɗu na Lenovo, akwai mai faɗi da allura a tsakiya. Ƙa'idar ita ce bolt ya zo daidai da abin da na'urar ke nema, ampiya kuwa idan ta adafta ta fi yawa babu laifi, idan ta gaza ne adaftar ke zafi ta mutu. Akwai kuma 'yar alamar da ke nuna ko tsakiyar bakin ne ke da alamar tarawa ko gefe, ita ma sai ta dace. Duk wannan an rubuta shi a bayan adafta da rubutu ƙanana wanda mai shekaru sai da tabarau, shi ya sa nake kwafe shi a kan tuta da manyan baƙaƙe tare da sunan na'urar da ta zo da ita. A duba kuma layin shigar wuta. Wutarmu bolt 230 ce. Adaftar da aka rubuta wa 100 zuwa 240 za ta yi aiki a ko'ina, amma wadda ta zo da kayan Amurka aka rubuta mata 120 kawai, ana soka ta a soket za ta ƙone, kuma ajiye irinta a cikin sauran tarko ne ga yaran gida.

Waɗanda na kasa tantancewa na kai wa wani mai gyara, ya auna su da mita cikin ɗan lokaci kan kuɗi kaɗan. Shi ne ya nuna mini wayoyin wuta guda biyu da ba su da laifin komai sai fis ɗin cikin filogi da ya ƙone, abin da ake sauyawa da sukundireba. Fis ɗin yana zuwa da ampiya 3 ko 5 ko 13, kuma cusa waya ko takardar sigari a madadinsa hanyar gobara ce. Ya kuma kankare bakin wani kebul ɗin intanet da wuƙa ya nuna mini fari a ƙarƙashin ja, wato alminiyum ne aka shafa wa jan ƙarfe, irin da ke saurin karyewa kuma ba ya kai saƙo nesa yadda na gaske ke kai shi har mita 100.

Bayan tantancewa ne ƙanƙantar akwatin ta zama alheri ta wata fuska, domin ta tilasta mini yanke hukunci. Na ba kowane nau'i ɗaki ɗaya, abin da ɗakin bai ɗauka ba ya fita. Micro-USB biyu ko uku masu kyau sun ishi gida, haka HDMI da VGA da na firinta ɗaya-ɗaya bayan waɗanda ke aiki. Cajar Nokia mai siririn baki na bar guda saboda tsofaffin da ba su rabu da wayoyinsu ba. Na sallami wayoyin allon rubutu da linzami masu zagayen kai, shunayya da kore, da faffaɗan kebul ɗin tsohuwar firinta mai maƙalan waya a gefe, da siririyar wayar tarhon tebur, tunda babu abin da ya rage a gidan da ke karɓarsu. Duk wadda rigarta ta yi danƙo ko ta bushe tana tsagewa ita ma ta fita, domin sinadarin da ke sa robar laushi ne ya fara fita, kuma babu wankin da ke mayar da shi. Batura da fawa-bankin da suka kumbura kuwa sam ba su da wuri a akwatin nan, ko a kowane rufaffen mazubi da ke zama cikin zafi.

Inda waɗanda aka fitar za su tafi yana damuna fiye da yadda na zata. Rahoton Majalisar Ɗinkin Duniya na 2024 ya ce duniya ta samar da tan miliyan 62 na sharar kayan lantarki a 2022, kuma kashi 22.3 cikin ɗari ne kawai aka tattara aka sarrafa ta hanyar da aka tabbatar. A nan garin, mafi sauƙi shi ne a miƙa wa 'yan jari bola da ke wucewa da kura, su kuma jan ƙarfen ciki suke nema, kuma hanyar da wasunsu ke bi ita ce su tara wayoyin a kango ko bakin kwata su cinna musu wuta. Baƙin hayaƙin da robar waya ke fitarwa yana ɗauke da guba mai illa ga huhu, kuma yaran da ke tsaye a kansa suna juya shi da sanda su ne ke fara shaƙa, sannan maƙwabta. Najeriya tana da hukumar tabbatar da bin dokokin muhalli, NESREA, tun 2007 da ƙa'idojin kayan lantarki tun 2011, amma magidanci a unguwa ba ya ganin wurin da zai kai jakar tsofaffin wayoyi. Abin da na iya yi shi ne masu aiki na raba wa masu gyara da wata makarantar unguwa mai ɗakin kwamfuta, inda VGA da wayar wuta kullum ake nemansu. Matattun masu kauri na feɗe su da wuƙa na zare jan ƙarfen na sayar a haka, wanda masu awo ma sun fi so a kan ƙonanne. Siraran ne suka rage mini a leda, domin feɗe su ba ya biyan wahala.

Wanda kayansa yawanci na wayar hannu ne, da 'yan kebul na talabijin da firinta, akwati ɗaya zai ishe shi, kuma zai ji daɗinsa. Mai shagon buga takardu ko mai gyara ko wanda ya tara cajojin laftof ya ɗauke shi a matsayin na ƙananan kaya kawai, ya nemi babbar roba don sauran. Idan za a je saye, a tafi da adafta mafi girma a gwada ta a ɗakin a ga ko murfi zai rufu, a buɗe a rufe maƙalan sau da yawa a gaban mai shago, a ɗaga mahaɗin murfin a haske a duba ko ya riga ya yi fari, sannan a sayi ƙarin maɗaurai da salatif ɗin takarda da maka tun a tafiya ɗaya.